Idan 'Yan Soshal Suka Ƙwanƙwasa Miki Ƙofa a Ingila

Auta tana da sati bakwai a duniya ranar da aka ce mun dake ta. Awo na kai ta, irin wanda ake yi wa jarirai a asibitin unguwa. Ma'aikaciyar da na saba da ita ba ta nan, wata sabuwa ce ta karɓe mu. Ta tuɓe mata kaya, ta ɗora ta a sikeli, ta juya ta, sai na ga hannunta ya tsaya cak. A ƙasan bayan yarinyar, daidai saman ɗuwawu, akwai wani tabo shuɗi-shuɗi mai duhu wanda faɗinsa bai kai tafin hannuna ba. Ta ce mene ne wannan. Na ce da shi aka haife ta, yayanta ma haka ya zo, mu a wajenmu ba abin magana ba ne. Ta buɗe jan littafin nan na lafiyar jariri, ta ce babu inda aka rubuta. Ta fita, ta daɗe, ta dawo da wata. Kafin la'asar muna sashen yara na babban asibiti, an ce ba zan fita da 'yata ba, an kira maigida daga wajen aiki, an kuma tura mutum biyu makarantar babban yarona su yi masa tambayoyi, mu ba mu ma sani ba.

Kwana biyu muka yi a asibitin. Aka ɗebi jininta, aka ɗauki hoton tabon da ma'auni a gefensa, ni kuwa ko nono zan ba ta labule a buɗe yake. A rana ta uku wani babban likitan yara ya duba, bai yi minti biyu ba ya ce tabon haihuwa ne, wanda jariran baƙar fata da na Asiya da yawa suke zuwa da shi. Ya ce kwanciyar jini ta duka tana sauya launi cikin kwanaki, tana kuma ciwo in an taɓa, wannan kuwa yana nan yadda yake. Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe 'yan soshal, wato ma'aikatan jin daɗin yara na ƙaramar hukuma, sun riga sun buɗe mana fayil, kuma yarona, mai shekara shida a lokacin, da aka tambaye shi abin da ake yi masa in ya yi laifi, ya ce Umma tana cewa za ta yanka shi. Bai yi ƙarya ba. Wace uwa ce a Zariya ba ta taɓa cewa "wallahi sai na yanka ka" tana tuƙa tuwo, ko waiwayowa ba ta yi ba? Amma da yaron ya juya maganar zuwa Turanci aka sa ta a takarda, sai ta tashi daga faɗan uwa ta koma barazanar kisa. Sati tara muka yi kafin su sallame mu.

Aikina kula da tsofaffi ne, amma tun daga wancan lokaci na raka 'yan'uwa mata da dama irin waɗannan zaman, wasu a matsayin ƙawa, wasu don in fassara musu abin da aka rubuta a kansu. Abin da na koya ne zan zayyana. Dokar Ingila nake magana a kai, don Sikotland tsarinta daban ne. Wanda kuma ya san yana zane ɗansa da wayar caja ko bel, wannan rubutu ba mafakarsa ba ce, ya ji tsoron Allah ya daina. Ina magana ne da wadda aka ɗora wa abin da ba ta yi ba.

Ki fara da sanin abin da ya sa suke haka, don zai rage miki zafin zuciya. A Fabrairun 2000 wata yarinya 'yar shekara takwas mai suna Victoria Climbié, wadda aka kawo riƙo daga Kodebuwa, ta rasu a Landan a hannun 'yar'uwar kakanta da saurayinta. Raunuka 128 aka ƙirga a jikinta. Asibitoci sun gan ta, 'yan sanda sun san da ita, ma'aikatan jin daɗin yara sun san da ita, ba wanda ya cece ta. Binciken Lord Laming da ya fito a 2003 ya tona asirinsu duka. A 2007 kuma aka kashe Peter Connelly, ɗan wata goma sha bakwai, a yankin Landan ɗin da Victoria ta mutu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ma'aikaciyar da ta zo gidanki ta gwammace ta zarge ki a banza sau goma da a ce yaro ya mutu a hannunta sau ɗaya.

Amma tsoron nasu ya sha cin marasa laifi. A 1987 a yankin Cleveland an raba yara 121 da iyayensu cikin 'yan watanni bisa wani gwajin likita da daga baya aka ga ba abin dogaro ba ne, aka mayar da mafi yawansu gida. Sally Clark, lauya ce ma ita kanta, an ɗaure ta a 1999 kan zargin kashe jariranta biyu, bayan wani babban likita ya gaya wa kotu cewa yiwuwar yara biyu su mutu haka kawai a gida irin nata ɗaya ce cikin miliyan 73. Lissafin ba daidai ba ne. An sake ta a 2003, ba ta ƙara komawa daidai ba, ta rasu a 2007. Akwai kuma wasu matasan iyaye a Landan da jaririnsu ya rasu a 2009 da karaya a jiki, aka tuhume su da kisa, aka ɗauke 'yar da suka haifa daga baya tun a ɗakin haihuwa. Sai da aka gano ƙashin yaron ne ya yi laushi saboda ƙarancin bitamin D, kotu ta wanke su a 2011, aka mayar musu da 'yarsu a 2012. Saboda haka kada wani ya ce miki in dai ba ki yi komai ba ki kwantar da hankalinki gaskiya za ta yi halinta. Za ta yi, in kin taimaka mata da takarda.

Tun kafin a zo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da kika haihu, kafin ki bar asibiti, ki juya jaririn da kanki ki duba bayansa, ɗuwawunsa, kafaɗu da cinyoyi. Duk tabon da kika gani ki nuna wa unguwarzoma ki ce ta rubuta a jan littafi, da wurin da yake da girmansa, ta sa hannu. Ki ɗauki hotonsa da wayarki, kwanan wata zai zauna a jikin hoton. Da na yi wannan aikin na minti biyar da ban kwana a asibiti ba. Dalilin tsananin shi ne, a ƙa'idarsu jaririn da bai fara rarrafe ba bai kamata a ga kwanciyar jini a jikinsa ba, in an gani kuwa wajibi ne ma'aikaci ya kai rahoto, ba shi da zaɓi.

Ki riƙa ba jariri mai shan nono ɗigon bitamin D kullum, ke ma ki sha. Hukumar lafiya ta NHS tana ba masu duhun fata shawarar shan maikirogiram 10 a rana duk shekara, mu da muke rufe jiki a ƙasar da rana ba ta da ƙarfi mun fi kowa buƙata. In ɗanki yana da sikila, takardar asibitinsa ta kasance kusa, kuma makaranta ta sani a rubuce, don kumburin hannu da ƙafa da yake yi wa ƙananan yara yana iya rikita wanda bai sani ba. In kun je gida hutu, ki tsaya a kan 'ya'yanki ko da za a ce kin zama Baturiya: babu wanzamin da zai yi musu ƙaho, ko tsaga, ko cire beli. In yaro yana da tsofaffin tsage daga gida, ki gaya wa likitanku tun ranar rajista ya rubuta. Kaciyar mata kuwa laifi ne babba a dokar 2003, har ɗaurin shekara 14, ko da a Kano aka yi, ko da kaka ce ta sa aka yi ba da saninki ba, za ki sha tambaya.

Riƙo ma yana da doka, kuma mutanenmu da yawa ba su sani ba. In yaron da bai kai shekara 16 ba zai zauna a gidanki kwana 28 ko fiye, kuma ke ba kakarsa ba ce, ba yayarsa ba, ba gwaggo ko inna ta jini ko ta aure ba, ba matar babansa ba, dole a sanar da ƙaramar hukuma. 'Yar ƙawarki, ko 'yar ɗan baffanki, duk sun shiga ciki. Bayan abin da ya sami Victoria ba sa wasa da wannan.

Duka kuma, a Sikotland an haramta shi gaba ɗaya tun 2020, a Wales tun 2022. A Ingila doka ta bar 'yar ƙofa ga horo mai sauƙi, amma sashe na 58 na Dokar Yara ta 2004 ya toshe ta da zarar dukan ya bar rauni a jiki. Ni dai shawarata ki ajiye hannu kwata-kwata, kamun kunne da tsallen kwaɗo ma ki bar su. Ki kuma gyara harshe. Baki shi ke yanka wuya: "zan karya ka", "zan mayar da kai ƙauye", "yau ba za ka ci abinci a gidan nan ba", duk yaro zai kai su makaranta da Turanci. Barin yara su kaɗai a gida don kin tafi aikin dare shi ma yana jefa masu bizar aikin kula da tsofaffi a wannan rami. Doka ba ta yanke shekaru ba, amma laifi ne in barin ya jefa yaro cikin haɗari, kuma ƙungiyar kare yara ta NSPCC ta ce da wuya ɗan ƙasa da shekara 12 ya iya zama shi kaɗai na dogon lokaci. 'Yar shekara tara da take goyon ƙaninta a Funtuwa, a nan ita ma jaririya ce a idonsu.

Ranar da suka zo

Ki nemi katin shaida, ki rubuta sunan mutum da ofishinsa da lambar wayarsa a gabansa. Sannan ki yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci: a ƙarƙashin wane sashe kuka zo, na 17 ko na 47? Duka biyun a Dokar Yara ta 1989 suke. Sashe na 17 tayin taimako ne ga yaro mabuƙaci, da yardarki ake yi. Sashe na 47 bincike ne, ma'ana suna zargin yaro yana cikin cutarwa mai tsanani ko zai shiga, kuma wannan ba sa neman izininki kafin su fara. Ki ce a gaya miki takamaiman abin da ake zargi, ki rubuta shi da kalmominsu. In maƙwabci ne ya kai ƙara, ko tsohon miji, ko wata da kuka saɓa, ba lalle su faɗi sunansa ba. Kada ki ɓata ƙarfinki wajen farautarsa, kada ki je ƙofar wanda kike zargi ki yi masa tijara, shi ma a fayil zai ƙare.

Ma'aikacin jin daɗin yara ba shi da ikon shiga gidanki da ƙarfi sai da umarnin kotu. Wasu suna jin haka sai su ce to a rufe ƙofa. Ban ba ki wannan shawara ba. In suna binciken sashe na 47 kika hana su ganin yaro, hanin kansa hujja ce da za su kai wa alƙali su nemi umarnin gaggawa. Ki bar su su shigo, su ga yara, su ga ɗakin kwana, su buɗe firij in suna so. In lokacin bai yi miki ba, misali maigida ba ya nan ko ba ki da mai fassara, ki bar su su ga yaran lafiya lau a falo, ki ce doguwar magana a sa rana gobe ko jibi. Wannan haƙƙinki ne, kuma ba taurin kai ba ne.

Ki nemi tafinta na Hausa ko da kina ganin kina jin Turanci. Turancin kasuwa da na wajen aiki daban, Turancin da za a auna ki da shi a matsayin uwa daban. Su ne za su biya. Kada ki yarda ɗanki ya zama mai fassara, kuma in tafintan da aka kawo ɗan unguwarku ne da ba ki so ya san sirrinki, ki ce a sauya.

Akwai ɗabi'unmu masu kyau da suke zama mana tarko a irin wannan zama. Muna cewa "to" don ladabi, ba don mun yarda ba. A takarda za a rubuta uwa ta amince. Muna cewa "sori" a madadin sannu. Za a rubuta uwa ta nemi afuwa. Muna sunkuyar da kai gaban babba ko baƙo. Za a rubuta ta ƙi haɗa ido, kamar tana ɓoye wani abu. Magidanta kuma murya takan hau in an taɓa mutuncinsu, sai a rubuta uba mai zafin rai ne, daga nan a fara tambayar matar a asirce ko yana dukanta. Ranar da suka zo mana na ga jijiyar wuyan maigida ta tashi, na taɓa gwiwarsa na ce, "Baban yara, don girman Allah." Ya haɗiye. In ba ki gane tambaya ba ki ce a maimaita. In ba ki san yadda yaro ya ji ciwo ba ki ce ban sani ba, kada ki ƙirƙiro dalili don a bar ki. Wata da na raka ta ce wataƙila daga kujera ya faɗo, don kawai ta ba da amsa. Mijinta a wani ɗaki ya ce bai faɗi ba. Saɓanin nan ya fi ƙujewar da ke goshin yaron ja musu wahala.

In sun ce likita zai duba yaro, ki yarda, amma ki nemi babban likitan yara, ki tambaya ko ya saba duba fata irin tamu. Ki faɗi duk ciwon da ke danginku: saurin zubar jini, laushin ƙashi, sikila. Ki ce a auna daskarewar jini da bitamin D. Ki nemi kwafin rahoton.

Kada ki sa hannu a tsaye

Nan ne aka fi cutar mutanenmu. Hanyoyin da za a iya ɗauke yaro ba tare da yardarki ba, a ƙirge suke. 'Yan sanda suna iya ajiye shi a ƙarƙashin kariyarsu, amma ba fiye da awa 72 ba. Kotu tana iya ba da umarnin gaggawa na kwana takwas, a ƙara bakwai sau ɗaya. Sai kuma umarnin riƙon wucin gadi da alƙali yake bayarwa in an shigar da ƙara. Ma'aikaciyar soshal ita kaɗai ba ta da wannan iko. Abin da take da shi takarda ce ta sashe na 20, wadda ke cewa ke da kanki kin yarda hukuma ta ajiye miki yaro. Sau da yawa ana miƙo ta ne da dare, a asibiti ko a ofishin 'yan sanda, uwa tana kuka, a ce sa hannu nan ko mu tafi kotu.

Ki sani sashe na 20 na ganin dama ne. Kina iya ƙi. In kin sa hannu, doka ta ba ki ikon karɓar ɗanki duk lokacin da kika so. A 2015 Sir James Munby, shugaban kotunan iyali na lokacin, ya yi kakkausar suka kan yadda ƙananan hukumomi suke ajiye yara wata da watanni da wannan sashe ba tare da sun je gaban alƙali ba, ya ce dole a daina. A 2018 Kotun Ƙoli ta ƙara bayyana cewa yardar iyaye dole ta zama ta gaskiya, ba ta matsi ba. Wani lokaci sa hannun shi ne dabara, musamman in yaron zai zauna wurin 'yar'uwarki na 'yan kwanaki, amma lauya ne zai gaya miki haka, ba wadda ta kawo takardar ba. Kuma kalmar kotu kada ta firgita ki. A kotu kina da lauya, akwai alƙali da zai tambaye su hujja. A barandar asibiti ke kaɗai ce.

Haka ma takardar yarjejeniya da suke kira tsarin kariya. Mu an kawo mana wadda ta ce maigida zai bar gidan har a gama bincike. Na sa hannu a tsaye, ban karanta layi na biyu ba, don a bar ni in tafi da Auta. Kwana goma sha ɗaya yana kwana a falon wani abokinsa, yana zuwa aiki daga can, ni ga jego ga yaro ɗan makaranta ga sanyin hunturu. Babu ranar ƙarewa a takardar, babu ranar sake dubawa. Irin wannan takarda ba umarnin kotu ba ce, amma in kin sa hannu kika saɓa, za a kafa hujja da ita a kanki. Ki ce a ba ki kwafi ki kwana da shi. Ki tabbata akwai ranar da za ta ƙare. In akwai layin da ke nuna kin amsa laifi, ki ce a cire. Abin da kika san ba za ki iya cikawa ba kada ki ɗauka.

Lauya kuwa ki nemi na shari'ar yara, ba wanda ya yi muku takardun biza ba. Ƙungiyar lauyoyi ta Law Society tana da jerin waɗanda ta tantance a wannan fanni. Da zarar hukuma ta aiko miki da wasiƙar gargaɗin zuwa kotu, ko ta shigar da ƙarar neman riƙon yaro, lauya kyauta ne ga uwa da uba, ba a duba albashi. Wannan taimako ba ya cikin kuɗin gwamnati da biza ta hana ki taɓawa, haka ma tallafin sashe na 17. Kafin a kai nan, ƙungiyar Family Rights Group tana ba iyaye shawara kyauta ta waya, akwai kuma AFRUCA, wadda Debbie Ariyo 'yar Nijeriya ta kafa a 2001, da ke aiki da iyalan Afirka. In 'yan sanda suka gayyace ki hira, ko da sun ce ta ganin dama ce, ki ce sai da lauya. Shi ma kyauta ne, kuma neman sa ba amsa laifi ba ne. Ki duba takardar aikinki ma: in kina aiki da yara ko tsofaffi, wataƙila ta wajabta miki sanar da shugabanki, kuma gara ya ji daga bakinki.

Littafinki

Ki sayi littafi mai bango mai kauri ranar farko. Duk wanda ya zo, duk wanda ya kira, ki rubuta rana, lokaci, suna, abin da ya ce, abin da kika ce. Bayan kowane zama ki tura gajeren imel: na gode da zuwanki yau, ga abin da na fahimta mun tsayar, in ba haka ba ne ki gyara mini. Babu dokar da ta hana ki ɗaukar muryar zaman da kike ciki don amfanin kanki, amma ki faɗa a fili kafin ki kunna. Ma'aikatan nan suna yawan sauyawa, mu uku muka gani cikin sati tara, kowace sabuwa kuma fayil take karantawa kafin ta gan ki. Abin da ta farko ta rubuta bisa kuskure, ta uku za ta ɗauke shi tabbas.

Shi ya sa dole ki karanta rahoton da aka rubuta a kanku layi-layi. Ƙa'ida ta ba su har kwanakin aiki 45 su gama tantance iyali, kuma kina da haƙƙin ganin abin da suka rubuta. A namu na tarar da wani sakin layi da ya sa na zauna a ƙasan kicin. An rubuta cewa uwa ba ta kiran babban ɗanta da sunansa, ba ta rungumarsa, ba ta yabonsa a gaban mutane, alhali tana nuna wa jaririyar ƙauna. Akwai alamar ta ware shi. Ɗan farina ne. Sunan surukina gare shi. Yadda uwata ba ta taɓa kiran yayanmu da suna ba har ta koma ga Allah, haka na tashi na gani. Yaron da nake tashi cikin dare in duba numfashinsa, shi aka ce ba na so.

Ban yi faɗa ba. Na zauna na rubuta shafi ɗaya: mene ne kunyar ɗan fari a wajen Hausa da Fulani, me ya sa ake sakaya sunan suruki, da wane suna nake kiransa a gida, wa yake kai shi makaranta, wa yake zama da shi wajen karatu. Na nemi malamar ajinsa da limamin masallacinmu da likitanmu kowa ya rubuta abin da ya sani game da mu. Na ce a haɗa da rahoton. Ki bambanta abu biyu in kina gyara: kuskuren gaskiya, kamar kwanan wata ko maganar da ba ki faɗa ba, wannan ki ce a gyara, ra'ayin ma'aikaciya kuwa ba za su goge ba, amma za su ajiye bayaninki kusa da shi. Na kuma sauya abu ɗaya, ba don su ba, don yaron: a nan yake girma, yana ganin iyayen abokansa suna rungumarsu a ƙofar makaranta. Yanzu ina rungumarsa. Sunan dai har yau ban iya ba.

In bincike ya kai ga taron kare yaro, ana yin sa cikin kwanakin aiki 15 daga zaman da suka yanke shawarar fara binciken. Za ki tarar da tebur cike: makaranta, lafiya, 'yan sanda, soshal, da shugaban zama wanda ba shi ne mai binciken ba. Ki nemi rahoto kwanaki kafin ranar, ba a bakin ƙofa ba. Ki je da mutum mai sanyin kai, ki rubuta abin da za ki faɗa, ki nemi ganin shugaban kafin a shiga. Taron ba kotu ba ne, ba ya iya ɗauke yaro. Abin da yake iyawa shi ne sa yaro a tsarin kariya na hukuma, wanda daban yake da waccan takardar yarjejeniya, a sake dubawa cikin wata uku.

In ta kai kotu, doka ta ce a gama cikin sati 26, ko da yake yakan wuce. Ki san cewa a kotun iyali ba sai an tabbatar da laifi babu shakka ba, ya isa alƙali ya ga zargin ya fi kusa da gaskiya. Don haka 'yan sanda suna iya janyewa shari'ar iyali ta ci gaba. Ranar farko ki ba da sunayen duk dangi da aminan da za su iya riƙe yaran, har na gida Nijeriya ko Nijar, kada kunyar tonon asiri ta sa ki jinkirta har lokaci ya ƙure. A ƙasar nan kotu tana iya ba da yaro ga wasu har abada ba da yardar iyaye ba, ya tashi da sunan wani gida. Lauyanki yana iya roƙon kotu ta kawo likita mai zaman kansa ya sake duba hotuna da gwaje-gwaje. In yaran suna hannun hukuma, doka ta hana a raine su a wani addini ba nasu ba, ki rubuta buƙatar abincin halal da salla da gyaran gashi da man shafawa. Duk ranar ganawa ki je, ki riga lokaci, kada ki yi wa yaro raɗa a kunne, kada ki ce masa ya janye maganarsa. Abu biyu kuma kada ki kuskura: ɗaukar yara ki nufi filin jirgi, don kotu tana iya sa a tare ku a karɓe fasfo, kuma gudun zai zama shaida a kanki, da baza maganar a Facebook ko TikTok, don bayyana abin da ke gaban kotun iyali laifi ne.

Mu ba mu kai kotu ba, ba mu ma kai taron ba. Wasiƙa ce ta zo mai layi huɗu, an rufe fayil, babu mataki na gaba. Ban tsaya nan ba. Dokar kare bayanai ta ba kowa ikon neman duk abin da hukuma ta rubuta a kansa, kuma a ƙa'ida cikin wata ɗaya za su amsa. Na nema, aka aiko da shafuka masu yawa, wasu layukan an shafe da baƙi. A shafin farko har lokacin an rubuta kwanciyar jini a bayan jaririya. Na shigar da koke, wanda yake da matakai uku kafin a kai ga mai sauraron koke-koken ƙananan hukumomi, na haɗa da wasiƙar babban likitan. A mataki na farko suka gyara, suka rubuta tabon haihuwa. Na nace ne don duk ranar da wani abu ya sake tasowa, ko Auta ta faɗi a filin wasa aka kai ta asibiti, shafin nan za a fara buɗewa.

Yaron kuwa ya yi wata biyu ba ya son zuwa makaranta. Wata rana da dare ina shafa masa mai ya ce, "Umma, ni na sa aka kori Baba?" Na ce a'a, an tambaye ka ka faɗi gaskiya, haka nake so ka riƙa yi kullum, ko a kaina ne. Tabon Auta ya dushe da kansa kafin ta shiga firamare. Hoton da wasiƙar likitan suna cikin jakar da muke ajiye fasfo.